Ɗigo Ɗaya a Kan Ƙaf

A Bir Hamam idan aka ce "hannu", ba a nufin na kowa sai na Si Layashi. Shi ya rubuta takardun auren iyayenmu, shi ya rubuta sunayenmu a bangon Alƙur'anin gidajenmu, kuma duk wasiƙar da ta bar garin zuwa ga 'yan ci-rani a Faransa daga kan gwiwarsa ta tashi. Dogon mutum ne siriri, abu biyu ne ke sa shi fushi nan take: gahawa mai sanyi da mummunan rubutu. Shekara goma sha bakwai kuwa, tun daga ranar da Aljeriya ta sami 'yancin kai, buƙatarsa ɗaya ce a duniya, wato a sa sunan ɗansa Hashmi a jikin dutsen shahidai da ke bakin kasuwa. Sunaye arba'in da ɗaya ne a dutsen. Na Hashmi babu, kuma babu wanda ya taɓa gaya wa tsohon dalili.

An haifi Si Layashi shekara uku bayan kamawar ƙarnin da ya wuce, a gidan da a da yake da gonar alkama. Kafin ya yi wayo gonar ta koma hannun wani Bafaranshe da takarda mai hatimi, aka tuge alkama aka dasa inabi, ubansa ya zama lebura a ƙasar da ya gada. Uban bai so ɗansa ya tashi yana kallon wannan abin kullum ba, sai ya kai shi zawiya, wato tsangayar Shehi Rabah a bayan tudu. A can ya koyi haɗa tawada da ƙonannen gashin tunkiya, ya koyi fere alƙalamin kara, ya koyi rubutu irin na kakanninmu, wanda fa ke ɗaukar ɗigonsa a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya tak a sama.

Shehi Rabah yana da tsumagiya, kuma harafi ɗaya ne ya fi jawo wa Layashi ita. A tsakiyar kalma, ƙaf da gain duk ɗigo ɗaya gare su a sama. Abin da ya raba su shi ne ido: na ƙaf a buɗe yake kamar zobe, na gain a rufe. Layashi kuwa yana son alƙalami mai kauri, yana cika tawada.

"Buɗe masa ido, ɗan nema!" in ji Shehi. "Ƙaf makaho ai gain ne. Wata rana za ka rubuta wa mutum alheri a karanta sharri."

Tare da rubutun ya ɗauko karatun Shehi a kan mulki, bai tace ba. Mulki na Allah ne, yana bai wa wanda ya so. Faransawa jarrabawa ce kamar fari ko fara, aikin bawa haƙuri da gyaran sallarsa. Da wannan ya dawo gari, ya shimfiɗa buzunsa a gindin bangon kasuwa, ya auri Baya, mace gajera mai kaifin harshe wadda ba ta san ko alif ba, kuma ba ta taɓa jin ta rasa wani abu ba.

'Ya'ya mata huɗu suka rayu, namiji ɗaya, Hashmi. Shi kaɗai a unguwarsu ya sami gurbi a makarantar Faransawa, Si Layashi kuma ya bar shi ya je, don yana so yaron ya iya karanta irin takardar da ta cinye gonar kakansa. Ya iya ɗin kuwa, har ya wuce inda aka aike shi. Larabci dai a baki ya tsaya masa, in ya kama alƙalamin kara sai uban ya kau da kai don takaici. Amma ya dawo da tabarau a fuska da tambayoyi cike da baki, kuma bai san lokacin yin su ba sai an ajiye akushin kuskus.

"Baba, su da kansu fa suka koya mana. A littafinsu an ce duk mutane daidai aka haife su, kuma babu mai mulkin jama'a sai da yardarta. Na ɗaga hannu na ce, mu fa? Malamin ya ce in fita in tsaya a rana."

"Ya yi maka daidai. Mulki na Allah ne."

"To Allah ne ya buga hatimi a takardar gonar kaka?"

"Kai, iya bakinka!"

"Ku ci abincin nan kafin ya huce," in ji Baya. "In kun ƙoshi sai ku raba ƙasar, ku ba ni wajen da babu surutu."

Ba gardamar Hashmi ce ta juya Si Layashi ba, aikinsa ne ya juya shi. A watan Mayun 1945, bayan kisan kiyashin da Faransawa suka yi a yankinmu, mata suka yi layi a gaban buzunsa don a sanar da mazajen da ke Faransa. Wasiƙa goma sha tara ya rubuta cikin mako guda, duk farkonsu ɗaya, sunayen ne kawai ke canzawa. Ranar da ya gama ta ƙarshe ya naɗe buzu ya shige ɗaki, ya sauke littattafan da ya yi shekaru bai buɗe ba. Da ya fito bayan kwanaki, sai ya ce wa ɗansa, cikin ɗaure fuska kamar wanda aka tilasta:

"Allah ya jiƙan Shehi, rabin karatun ya ba ni. Mulki na Allah ne, gaskiya ne. Amma a hannun mutum amana ce. Ba a riƙe ta sai da adalci, ba a yanke hukunci a cikinta sai da shawara."

"Ai abin da nake faɗa ke nan, Baba. Yardar jama'a."

"Shawara na ce."

"Duk ɗaya ne."

"In duk ɗaya ne, kira ta da sunan da ubanka ya kira ta."

Haka suka ci gaba shekara da shekaru, suna kan hanya ɗaya suna faɗa a kan sunanta. Mutanen kasuwa har sun saba. In aka ga uba da ɗa suna ɗaga hannu a shagon gahawa, sai a ce ƙyale su, gwamnati suke kafawa.

Shekara biyu da fara yaƙin neman 'yanci Hashmi ya hau dutse, inda mayaƙanmu ke ɓuya. Bai nemi izini ba, uban kuma bai hana ba, ya dai bi shi har ƙofa yana faɗa a kan takalmin da ya sa. Daga nan sai labari jefi-jefi, har wata safiyar kasuwa a tsakiyar hunturun 1958, lokacin da wani makiyayi mai gemu ya shigo gidan da tunkiya a gaba. Baya ce ta gane Hashmi ne, ta hanyar tafiyarsa. Ta toshe bakinta da mayafi, ta ja shi zuwa ɗakin ajiyar hatsi.

Aiki ne ya kawo shi. Faransawa sun fara watsa takardun ƙarya daga jirgi da sunan mutanen dutse, har ƙauyawa sun daina yarda da duk abin da inji ya buga. Hannun zawiya kaɗai suke gaskatawa. Hashmi yana so a rubuta masa takarda talatin da zai raba a ƙauyuka, a gaya wa mutane abin da ake yaƙin dominsa.

Ƙanƙara ta kwanta a tsakar gida ranar. Si Layashi ya ce a kawo masa kasko da garwashi, Baya ta ce a'a.

"Hayaƙi a ɗakin hatsi da rana tsaka? So kake maƙwabta su zo kashe gobara su tarar da shi? Ka hura hannunka da baki, kai mutumin nan."

Suka yi awa guda suna ja a kan abin da za a rubuta. Uban ya sa Bismillah ya sa amana da shawara, ɗan ya sa daidaito da zaɓe. Layin farko ne kawai ba su yi gardama a kansa ba: manufar wannan juyi ita ce istiƙlalin jama'a, wato 'yancin kansu. Si Layashi ya duƙa tun hantsi har azahar. Tawadar ta yi kauri don sanyi, yatsunsa sun sandare, yana rubutu yana hura su. Hashmi na gefe yana cin gurasa da man zaitun kamar wanda ya yi wata bai ga abinci ba.

"Ni dai sawun kaji nake gani, Baba," ya ce yana ɗaga guda ɗaya. "Amma kajin gidan sarauta."

"Jahili mai tabarau. In yaƙin nan ya ƙare, allo zan ba ka, ka fara daga alif."

"Na yarda. Amma sai an yi shawara."

Ya lissafa talatin ya cusa a cikin rigar ulun da uwar ta saƙa masa. Guda ɗaya ta yi saura, Baya ta ɗauke ta ce tata ce. Ya sumbaci kan uwarsa, ya sumbaci hannun daman ubansa, wanda tawada ta ɓata, ya kora tunkiyarsa ya fita. Ganinsu da shi na ƙarshe ke nan.

Da 'yanci ya zo, gari ya yi kwana uku yana guɗa. Mutanen dutse suka sauko ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ba su sauko ba aka kawo labarin inda suka faɗi. Hashmi kaɗai ne babu shi babu labarinsa. Duk wanda Si Layashi ya tare da tambaya sai ya ce ba ƙungiyarsu ɗaya ba, ya tuna wani uzuri ya wuce. Aka kafa dutse, aka sassaƙa sunaye arba'in da ɗaya. Sai magana ta fara yawo ƙasa-ƙasa, irin wadda ba a san mai ita ba, cewa ɗan Si Layashi ba Faransawa ne suka kashe shi ba. Mu mutanen Bir Hamam mun iya irin wannan. Muna gaishe da mutum da hannu biyu, in ya ba da baya mu kalli juna. Baya ta daina zuwa biki, ta daina zuwa gidan wanka ranar mata. Takardar nan kuwa tana ƙasan akwatinta a naɗe cikin ƙyalle, duk Juma'a sai ta fito da ita ta buɗe ta daɗe tana kallo, ita da ba ta iya karanta ko kalma ɗaya a ciki.

Si Layashi ya kama hanyar ofis. Duk bazara sai ya sa farar alkyabbarsa ya hau motar safe zuwa babban gari da takardar koke da ya rubuta da hannunsa. Duk bazara kuma amsar ɗaya ce, ana dubawa. A lokacin an kawo malaman Larabci daga ƙasashen Gabas, kuma sababbin akawu duk rubutun can suka koya, wanda ƙaf ke da ɗigo biyu, fa kuma ɗaya a sama. Wani daga cikinsu ya taɓa turo masa takardarsa ta ƙasan taga.

"Baffa, akwai kurakurai. Duk ƙaf ɗinka ka manta ɗigo. Ka sami wanda ya iya rubutu ya gyara maka."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Da hannun nan kakanninka suka rubuta Alƙur'ani tun ba a haifi mai koya maka ba. Ɗigo ɗaya ya ishe su shiga Aljanna, kai ma zai ishe ka karanta koke."

Ya dawo gida yana huci, ya yi rantsuwa a gaban kowa a shagon gahawa cewa har ya koma ga Allah ba zai ɗora wa ƙaf ɗigo biyu ba. Mun yi dariya, mun kuma san zai cika. Amma a ƙarƙashin taurin kan nan baƙin ciki ne ke cinsa. Ƙasar da ya rubuta wa manufa da yatsun da sanyi ya sandarar, ga ta ta samu, ba a shawarci kowa a kan komai ba, kuma ko dalilin hana ɗansa layi ɗaya a jikin dutse ba ta ga ya isa a gaya masa ba.

A farkon bazarar 1979, wata ranar kasuwa da hantsi, wani baƙo ya tsaya a gaban buzunsa. Mutum ne da bai wuce hamsin ba, amma ciwo ya tsofar da shi, yana tari yana dafa bango. Ya ce sunansa Buzid, daga wani ƙauye can kudu.

"Wasiƙa ko koke?" in ji Si Layashi, bai ɗago ba.

"Ko ɗaya, Baffa. Tare muke da Hashmi a dutse."

Alƙalamin ya tsaya. Tsohon ya matsa ya ba shi gefen buzu, ya aika a kawo gahawa. Buzid bai taɓa ta ba.

"Likita ya ce ba zan ga hunturu biyu ba," ya ce. "Ba na so in tafi da wannan. Ka bari in kai ƙarshe, in ya so ka tofa mini yawu."

Ya ce a wancan hunturun zargi ya shiga tsakanin mutanen dutse kamar annoba. Faransawa sun san yadda za su sa a tsinci sunayen wai maciya amana a aljihun gawa, har kowa ya koma tsoron na kusa da shi. Waɗanda suka yi makarantar Faransawa su aka fi sa wa ido. Hashmi kuwa bai taimaki kansa ba, don ya taɓa miƙewa a gaban babbansu ya ce ba a yanke wa mutum hukunci sai da shawara, haka ubansa ya koya masa. Ranar da ya dawo daga Bir Hamam aka caje shi, aka sami takarda talatin.

"Babban namu a ƙasar waje ya tashi, Larabcinsa a Gabas ya koye shi, daga littafin inji. Bai taɓa riƙe allo ba. Ya ɗaga takardar ya karanta da ƙarfi a gaban mutane: manufar wannan juyi ita ce istiglalin jama'a."

Si Layashi bai buƙaci fassara ba. Istiƙlal 'yancin kai ne, istiglal kuwa ci da gumin mutane. Harafi ɗaya ne tsakaninsu.

"Hashmi ya ce ƙaf ne, istiƙlal aka rubuta. Babban ya ce ƙaf ɗigo biyu gare shi, kowa ya sani, kuma ina idonsa? Ya duba duka talatin ɗin, ya ce ga irin takardun da Faransawa ke watsawa, yanzu sun koma yin su da hannu." Buzid ya yi tari har ya dafa ƙirji. "Baffa, shekara shida na yi a zawiya. Ina tsaye a bayansa, ina ganin takardar. Na san ƙaf ne, tawada ce ta cika masa ido. Mu uku ne a wurin da muka yi allo. Babu wanda ya buɗe baki. Ranar duk wanda ya kare wanda ake zargi, shi ne na gaba."

"Ci gaba," in ji tsohon.

"Babban ya ce, in wani ne ya rubuta, faɗi sunansa da garinsa, mu aika a kawo shi ya yi bayani. Kowa ya san yadda ake kawo mutum a lokacin. Sau uku ana tambayarsa. Sau uku yana cewa, ni na rubuta."

"Bai iya ba," in ji Si Layashi. "Ko sunansa bai iya rubutawa da kyau ba."

"Na sani. Shi ma ya san na sani. Ya kalle ni ya girgiza kai, kada in ce komai a kan wannan. Kafin la'asar an gama. Ni na binne shi, na san wurin."

Kasuwa na ta harkarta, mai kifi na kiran ciniki, jaki na kuka a bayan masallaci. Si Layashi ya daɗe yana kallon hannunsa na dama a kan gwiwa. Bai tofa wa Buzid yawu ba. Ya tambaye shi kawai ko zai faɗi wannan a ofis, Buzid ya ce abin da ya kawo shi ke nan.

Ya koma gida kafin azahar, abin da bai taɓa yi ba ranar kasuwa. Ya ce wa Baya ta ba shi takardar nan. Ya fita da ita tsakar gida inda rana ta fi haske, ya buɗe, yana roƙon Allah a zuciyarsa ya ga ko da ɗan fari kamar ƙwayar gero a tsakiyar harafin. Babu. Baƙi ƙirin yake, a rufe ruf. Ya ji muryar Shehi Rabah tar, bayan shekara sittin da wani abu. Ya zauna a bakin rijiya.

Ya gaya wa Baya cewa shaida ya zo, ɗansu bai ci amanar kowa ba, kuskure aka yi aka kashe shi. Ta yi kukan da ta riƙe shekara ashirin, ta yi guɗa a cikin kukan har maƙwabta suka leƙo. Da ta natsa ta tambaye shi kuskuren wa.

"Na yaƙi, 'yar mutane," ya ce. Ya mayar mata da takardar, ta sumbace ta ta naɗe.

Buzid ya ba da shaida, ya nemo ɗaya daga cikin sauran biyun shi ma ya bayar. Abin da ya gagara shekara goma sha bakwai ya ƙare cikin wata huɗu. Aka ce za a ƙara suna na arba'in da biyu kafin bikin ɗaya ga Nuwamba, ranar tunawa da fara yaƙin, kuma tunda akwai sauran fili a ƙasan dutsen, a sa layi ɗaya da zai rufe sunayen: sun mutu domin istiƙlal. Mai sassaƙa bai iya rubutu ba, kwaikwayo yake yi. Ya zo wurin Si Layashi, don wurin wa kuma za a je? Mutanen da suka yi shekaru suna kallon juna a bayansa su ne yanzu ke cewa ai dama sun san yaron ɗan halal ne.

Kwana uku ya yi a kan layin nan ɗaya. Ya fere sabon alƙalami siriri, ya tsinka tawadar da ruwan ɗumi, ya yaga takarda ta fi ashirin. Da ya miƙa wa mai sassaƙa, a naɗe ya miƙa, bai yarda kowa ya gani ba.

Ranar bikin da safe gari ya cika bakin kasuwa. Aka yi jawabai, aka yi ta ambaton jama'a da mulkinta, jama'ar na tsaye a rana tana jira a gama. Aka yaye ƙyallen da ya rufe dutsen. Waɗanda suka iya karatu suka karanta layin ƙasa, 'yan shagon gahawa suka fara zungurin juna, don sun ga abin da tsohon ya rantse ba zai taɓa yi ba. Da suka dubi fuskarsa, babu wanda ya yi dariya.

Baya ta jira har taro ya watse. Ta fito cikin baƙin mayafinta, karo na farko a shekaru da ta taka kasuwa, ta durƙusa a gaban dutsen. Si Layashi ya kama yatsanta ya ɗora a kan sunan ƙarshe. Ta bi shi harafi-harafi tana motsa baki. Sai yatsan ya gangara zuwa layin da ke ƙasa, ya tafi, ya tsaya a kan kalmar ƙarshe.

"Kai mutumin nan, wannan ba hannunka ba ne?"

"Hannuna ne."

"Kalmar nan na san ta. Tana layin farko a takardata. Shekara ashirin da ɗaya ina kallonta." Ta zaro ƙyallen takardar daga ƙirjinta, ta buɗe, ta kara takardar a jikin dutsen. "Dubi. A nan ɗigo ɗaya gare ta, kuma wannan ɗan zoben a cike yake. A nan kuwa biyu, ga shi a buɗe har yatsana na shiga. Wa ya ƙara mata?"

Ya so ya ce zamani ne, haka ake rubutawa yanzu. Shekara hamsin da aure bai taɓa iya yi mata ƙarya sau biyu a kan abu ɗaya ba.

"Ni na ƙara," ya ce. "Na makara ne kawai."

Ya gaya mata a nan, a tsugune, duka, har da tambaya ukun da amsa ukun. Ba ta yi ihu ba. Ta dubi takardar, ta dubi dutsen, ta dubi hannunsa na dama da ya ɓoye a cikin alkyabba. Yana jiran ta la'ance shi, kuma da ta yi da ya ji sauƙi. Sai ta sa hannu ta zaro hannun nasa ta riƙe da nata biyu, tana murza yatsun kamar mai ɗumama su.

"Ka ce a kawo maka wuta ranar," ta ce. "Ni na hana."

Suka zauna a gindin dutsen har aka kira azahar. Si Layashi bai sake shimfiɗa buzunsa a kasuwa ba, kuma layin nan shi ne rubutu na ƙarshe da ya fito daga hannunsa.